Me Ya Sa Likita Ya San Illar Taba Amma Bai Iya Raba Mara Lafiya Da Ita Ba?

Ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe a kwalejin likitanci zai iya zana maka yadda hayaƙin taba ke cinye huhu, tun daga 'yan gasun da ke share maƙogwaro har zuwa ƙananan jakunkunan iska da ke fashewa su haɗe. Ya san nau'o'in sankarar huhu da sunayensu, ya san yadda jijiyoyin jini ke toshewa har zuciya ta buga ko ɓarin jiki ya shanye. Amma ka zaunar da shi gaban mutum ɗan shekara 55 da ke shan kara ashirin kullum tun yana saurayi, ka ce ya taimake shi ya daina. Sau da yawa magana ɗaya ce za ta fito: "Baba, ya kamata ku daina shan taba, tana da illa." Baba ya gyaɗa kai ya ce, "To likita, za a duba." A rubuta a kati cewa an ba shi shawara, a kira na gaba.

Wannan giɓi ba zato ba ne, an auna shi. A 1999 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga wani bincike kan makarantun likitanci na ƙasar, wanda ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 ba su wajabta wa ɗalibai koyon dabarun raba mutum da taba a aikace ba. Daga 2005 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da cibiyar daƙile cututtuka ta Amurka, suka shiga tambayar ɗaliban aji uku na fannonin lafiya a ƙasashe da dama. Amsar kusan iri ɗaya ce ko'ina: mafi yawan ɗalibai sun yarda cewa aikinsu ne su taimaki mashayi ya daina, amma a akasarin wuraren waɗanda aka taɓa koya wa yadda ake yi ba su kai rabi ba. Farfesa Robyn Richmond ta Ostareliya, wadda ta daɗe tana bin diddigin manhajojin makarantun likitanci a faɗin duniya, ita ma abin da ta yi ta gani ke nan. Cututtukan da taba ke jawowa suna samun gurbi a manhaja, maganar yadda za a rabu da ita kuwa sai an yi sa'a.

Ga kuma abin da ake asara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, cikinsu har da fiye da miliyan ɗaya da ba su sha, hayaƙin wasu kawai suke shaƙa. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu amfani da ita suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Abin da ya fi dacewa ɗalibi ya riƙe, a ganina, ba adadin matattu ba ne, adadin shekarun da ake cetowa ne. A 1951 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka fara bin rayuwar likitocin Birtaniya maza kimanin 34,000, aka ci gaba da bin su har shekara 50. Sakamakon da ya fito a 2004 ya nuna mai shan sigari yana rasa kusan shekara 10 na rayuwa. Wanda ya daina yana ɗan 30 ya dawo da kusan dukkansu, ɗan 40 ya dawo da kamar 9, ɗan 50 kamar 6, ɗan 60 ma kamar 3. Magunguna nawa ne a cikin dukan littattafan da ɗalibi ke haddacewa za su ba ɗan shekara 50 ƙarin shekara 6? Shi kansa Doll mashayi ne, a tsakiyar bincikensa na farko ya jefar da ita da ya ga inda alƙaluma suka nufa.

To amma maganar likita tana yin wani abu kuwa? Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara amsa wannan da hujja shi ne Michael Russell a Landan, a 1979. Ya yi aiki da likitocin unguwa 28 da mashaya sama da 2,000. A rukunin da ba a ce musu komai ba, kashi 0.3 cikin 100 ne suka daina har suka shekara ba su koma ba. A rukunin da likita ya yi wa gajeriyar magana, ya ba su takarda, ya kuma ce za a waiwaye su, adadin ya kai kashi 5.1. Binciken da aka yi ta yi daga baya, da ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta tattara su, ya daidaita lissafin: gajeriyar shawarar likita tana ƙara mutum 1 zuwa 3 cikin kowane 100 a kan waɗanda da ma za su daina da kansu.

Nan ne darasi na farko yake, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Ɗalibi ya saba da maganin da ke aiki a gabansa: a ba mai zazzaɓi allura, gobe ya miƙe. Idan ba a gaya masa tun farko cewa cikin mutum 100 da zai yi wa magana fiye da 90 za su ci gaba da sha ba, zai yi wa goma magana, ya ga babu wanda ya daina, ya yanke hukuncin cewa ɓata baki ne, ya daina yi har ƙarshen aikinsa. Alhali lissafin ba na mutum goma ba ne. Likita yana ganin dubban mutane a shekara, kuma maganar ba ta cin minti uku. Russell ya ƙiyasta cewa da dukan likitocin unguwa na Birtaniya za su riƙa yin haka, da an samu sama da mutum rabin miliyan da suka daina a kowace shekara. Dole a koya wa ɗalibi ya auna nasararsa da wannan ma'aunin, in ba haka ba zuciyarsa za ta karye da wuri.

Darasi na biyu shi ne a cire masa tunanin cewa mashayi jahili ne da ke buƙatar a faɗakar da shi, ko kuma rago ne mara ƙarfin zuciya. Yawancin masu shan taba sun san tana kisa, a ƙasashe da yawa ma hoton ruɓaɓɓen huhu na jikin kwalin da ke aljihunsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 60 cikin 100 na masu amfani da taba suna son dainawa. Abin da ya riƙe su nikotin ne. Zuƙa ɗaya, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya isa ƙwaƙwalwa, ya sa ta saki sinadarin da ke kawo jin daɗi. Cikin kamar awa biyu rabinsa ya fita daga jini, jiki ya fara neman wani. Mai shan kara 20, in yana zuƙar kowace sau 10, yana maimaita wa ƙwaƙwalwarsa wannan darasi sau 200 a rana, shekara da shekaru, har abin ya manne da tashi daga barci, da gama cin abinci, da ɓacin rai, da zama cikin abokai. Ranar da ya daina sai saurin fushi, da rashin natsuwa, da kasa tattara hankali, da yawan jin yunwa, da barci mara daɗi. Abin ya fi tsanani a makon farko, ya lafa cikin mako biyu zuwa huɗu, amma marmarin yakan riƙa leƙowa har bayan watanni. Shi ya sa cikin masu yunƙurin dainawa ba tare da wani taimako ba, kashi 3 zuwa 5 cikin 100 kaɗai ke kaiwa wata shida ko shekara, kuma mafi yawan masu komawa a kwanakin farko suke komawa.

Wanda ya fahimci wannan zai daina kallon shan taba a matsayin mugun hali da ake yi wa wa'azi, ya koma kallonsa a matsayin doguwar cuta mai tafiya tana dawowa, wadda ke da magani. Ba wanda ke ce wa mai hawan jini "ka daina hawan jini" ya sallame shi. Ana auna shi, a ba shi magani, a sa masa ranar dawowa, in maganin bai karɓe shi ba a canza.

Tsarin da aka fi koyarwa shi ne matakai biyar da hukumar lafiyar jama'a ta Amurka ta fitar a 2000 ta kuma sabunta a 2008, waɗanda ake wa laƙabi da 5A: a tambayi kowa ko yana sha, a ba shi shawarar dainawa, a auna ko ya shirya, a taimake shi, sannan a shirya bibiya. Tsari ne mai kyau a takarda. Matsalarsa ita ce a aikace likitoci suna yin biyun farko su tsaya, ukun ƙarshe, waɗanda su ne ainihin aikin, a bar su. Ingila ta lura da haka, ta rage shi zuwa abin da za a iya yi cikin daƙiƙa 30: tambaya, sai bayanin hanyar da ta fi aiki, sai a miƙa taimakon nan take. Niyu Zilan ma tana da nata gajeren tsari mai matakai uku.

Akwai wani abu a tsarin Ingila da yake ba ɗalibai mamaki in sun fara jinsa. Ba a ce wa mutum taba tana da illa, ba a ma tambayarsa ko yana son dainawa. Dalili kuwa, Paul Aveyard da abokan aikinsa sun tattara bincike a 2012 suka ga cewa tayin taimako ya fi sa mutane yunƙurawa fiye da gargaɗi kan lafiya. Ka kwatanta maganganun nan biyu. Na farko: "Malam, in ba ka daina ba taba za ta kashe ka." Na biyu: "Malam, har yanzu kana shan sigari? To ka san hanyar da ta fi aiki wajen dainawa ita ce a haɗa magani da wanda zai riƙa bibiyarka, kuma muna da duka biyun. In rubuta maka yanzu?" Ta farko ta bar mutum da tsoro da kunya, ba abin da zai yi da su sai ya fita ya kunna wata. Ta biyu ta sa masa abu a hannu. In ya ce a'a, ba gardama: "Ba komai, duk ranar da ka so muna nan, kuma zan sake tambayarka in ka dawo."

Ita kanta tambayar sai an koya. "Kana shan taba?" tambaya ce da mutum zai iya amsawa da a'a da zuciya ɗaya, alhali yana shan shisha kowane dare, ko yana shaƙar taba gari, ko yana tauna ta, ko yana zuƙar sigarin lantarki. Mace mai ciki ko matashin da mahaifinsa ke zaune a gefe ba za su amsa gaskiya ba sai an san yadda aka yi tambayar da kuma gaban wa. Sannan ɗalibai sun ƙware wajen lissafin kwali sau shekaru, wato kwali nawa a rana a ninka da shekarun da aka yi ana sha, saboda yana fitowa a jarabawa. Wannan lissafi yana nuna yawan ɓarnar da aka tara, amma bai nuna yadda taba ta kama mutum ba. Tambayar da ke nuna wannan tana cikin ma'aunin da Karl Fagerström na Suwidin ya ƙirƙiro a 1978: "In kun tashi da safe, minti nawa kuke yi kafin ku kunna ta farko?" Wanda ke kunnawa cikin minti biyar ya kamu sosai, wanda ke kaiwa rabin awa ko ƙasa da haka ma ba a baya yake ba. Amsar nan, haɗe da yawan karan da yake sha a rana, ita ke nuna ƙarfin maganin da za a fara masa.

Sai kuma mutumin da ya ce shi bai shirya ba, ko yana so kuma ba ya so. A nan ake shigo da salon hira da William Miller ya fara bayyanawa a 1983 a kan masu shan giya, daga baya suka faɗaɗa shi tare da Stephen Rollnick. Tushensa abu ne da kowa ya sani a rayuwa: in mutum yana tsakanin ra'ayi biyu ka ɗauki ɗaya ka matsa masa, shi zai kama ɗayan ya kare shi. Ɗalibin likita kuwa an horar da shi ya gyara duk abin da ya ga ya karkace, don haka da ya ji "ai ita ke kwantar min da hankali" sai ya yi caraf ya ce ba haka ba ne. Daga nan hira ta zama musu, kuma mara lafiya ne zai yi ta jero wa kansa dalilan ci gaba da sha da bakinsa.

Ga yadda take kasancewa in an koya. Dattijo ya ce, "Ɗana, shekara 30 ina sha, yanzu kuma me ya rage?" Ɗalibi ya ce, "Kuna ganin kamar lokaci ya riga ya wuce." Ya yi shiru. Dattijo ya ce, "To, ban ce ya wuce ba. Jikokina ne ma ba na son su riƙa ganina da ita." Ɗalibi ya ce, "Baba, in aka ce daga sifili zuwa goma, yaya muhimmancin dainawa yake a wurinku?" Ya ce huɗu. Tambayar da za ta biyo baya ita ce gwanintar. Wanda bai koya ba zai ce, me ya sa ba goma ba? Sai dattijo ya lissafo uzurori. Wanda ya koya zai ce, "Me ya sa huɗu, ba ɗaya ba?" Sai dattijo ya fara faɗin tarin da ke hana shi barci, da numfashin da ke yankewa in ya hau bene. Dalilan yanzu nasa ne, daga bakinsa suka fito. Mafi wuya a duk wannan shi ne shirun nan na daƙiƙa biyar, ɗalibai ba sa iya jure shi, sai sun cike shi da bayani.

Sai dai kada a mai da wannan salo abin da ba shi ba. Da Cochrane ta sake duba shi a 2019 a kan batun taba, ba ta samu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa ya fi sauran hanyoyin ba da shawara sa mutane su daina ba. Amfaninsa, a ganina, shi ne yana hana hira lalacewa, yana sa mutum ya dawo. Haka ma tsarin nan na Prochaska da DiClemente na farkon shekarun 1980, mai karkasa mutane zuwa wanda bai fara tunani ba, da mai tunani, da mai shiri, har zuwa wanda ya daina. Makarantu suna ƙaunarsa saboda yana da sauƙin zanawa a allo da sauƙin tambaya a jarabawa. Amma Robert West na Landan ya yi suka a kansa a 2005, kuma binciken da ya fitar a shekarar da ta biyo ya nuna kusan rabin yunƙurin dainawa ba shiri ake yi ba, nan take mutum ke yanke shawara, kuma irin wannan yunƙurin bai fi wanda aka tsara saurin rushewa ba, ya ma fi shi ɗorewa. Haɗarin tsarin shi ne ɗalibi ya sa wa mutum lamba "bai shirya ba", ya hana shi tayin maganin da da an yi masa zai karɓa.

Magani kuwa shi ne inda na fi ganin rauni, kuma abin mamaki ne, don nan ne ya kamata ɗalibin likita ya fi kowa ƙarfi. Da yawa suna fita makaranta da tunanin cewa nikotin ne ke kawo sankara, don haka suna ɗari-ɗari da rubuta shi. Russell ya warware wannan tun 1976 da ya ce mutane don nikotin suke sha, amma kwaltar hayaƙin ce ke kashe su. Nikotin na magani, ko na filasta da ake mannawa a fata, ko cingam, ko na tsotsa, ko na fesawa a baki, yana ƙara yiwuwar dainawa da kashi 50 zuwa 60 cikin 100 a kan wanda bai samu ba. Haɗa filasta, mai saki a hankali duk yini, da ɗaya daga cikin masu saurin aiki don lokacin da marmari ya taso, ya fi amfani da guda ɗaya. Kurakuran da ake yi sanannu ne: a ba da kaɗan, a tsayar da wuri, ko a kasa nuna yadda ake amfani da shi. Cingam ɗin nikotin ba a tauna shi kamar na yara. Ana taunawa kaɗan har a ji ɗan yaji, sai a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi ya tsotsu ta fatar baki, in yajin ya tafi a sake taunawa. Wanda ya yi ta tauna yana haɗiye yawu zai samu shaƙuwa da tashin zuciya, ya dawo ya ce maganin banza ne. Ɗalibin da bai taɓa riƙe kwalin a hannunsa ba ba zai iya wannan bayanin ba.

Akwai kuma ƙwayoyi. Varenicline, da ya fito a 2006, shi ne mafi ƙarfi cikin magungunan da ake ba da su su kaɗai. Ana fara shi kamar mako guda kafin ranar dainawa, a sha mako 12, kuma yakan kawo tashin zuciya da mafarkai masu yawa. Ya yi shekaru da tambarin gargaɗi a Amurka kan zargin yana taɓa hankali, har aka yi babban gwaji da mutum sama da 8,000, kusan rabinsu masu lalurar ƙwaƙwalwa, aka buga sakamakon a 2016, ba a ga ƙarin haɗarin da ake tsoro ba, aka cire tambarin a ƙarshen shekarar. Har yau akwai malaman da ke koyar da tsohon tsoron. Bupropion ba a ba mai farfaɗiya. Cytisine, wanda ake samu daga 'ya'yan wata bishiya, an fi shekara 50 ana amfani da shi a gabashin Turai, ana shan sa kwana 25, kuma arha ne, abin da ya sa yake da muhimmanci ga ƙasashe marasa ƙarfi. Duka huɗun, wato waɗannan ƙwayoyi uku da nikotin na magani, suna cikin jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Yulin 2024, wadda ita ce ta farko da ta yi kan jinyar masu son barin taba.

Wani abu da ɗalibi zai iya cutar da mutum in bai sani ba: hayaƙin taba, ba nikotin ba, yana sa hanta ta riƙa saurin narkar da wasu magunguna, irin su clozapine da olanzapine na masu taɓin hankali, da theophylline na masu ciwon ƙirji. In mutum ya daina sha, ko da yana manne da filasta, hantar za ta rage gudu cikin 'yan kwanaki, maganin ya taru a jini. Mai shan clozapine da aka kwantar a asibitin da ba a shan taba yana iya shiga haɗari a kan adadin da ya saba sha lafiya lau. Kuma tunda an zo nan, tsohon zancen cewa a ƙyale masu lalurar ƙwaƙwalwa da tabarsu don ita ke kwantar musu da hankali bai tsaya ba. Nazarin da Gemma Taylor da abokan aikinta suka buga a 2014 ya nuna waɗanda suka daina sun samu raguwar damuwa da ƙunci in aka kwatanta da waɗanda suka ci gaba. Natsuwar da mashayi ke ji in ya kunna, yawancinta sauƙin ƙishin nikotin ne da ita tabar ta haifar.

Bibiya ba ta da wani sirri, yin ta ne wuya. A sa rana, a amince cewa daga ranar ko zuƙa ɗaya babu, a sake ganin mutum ko a kira shi cikin makon farko. A gaya masa gaskiya cewa zai iya ƙara nauyi, kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko ga matsakaicin mutum, don kada abin ya zo masa ba zato. In ya dawo ya ce ya koma, tambayar ita ce a ina, da wa, me ya faru, kuma maganin yana hannunsa a lokacin? Ga waɗanda aka kwantar a asibiti, bincike ya nuna shawarar bakin gado ba ta ɗorewa sai an ci gaba da tuntuɓarsu aƙalla wata guda bayan sallama, kuma a kan wannan aka gina tsarin cibiyar zuciya ta Jami'ar Ottawa a Kanada da asibitoci da yawa suka kwaikwaya.

To yaya ake cusa duk wannan a kan ɗalibi? Ba da lacca ba. Lacca tana ƙara sani, ba ta sa baki ya iya furta magana a gaban baƙo. Abin da ke aiki shi ne maimaitawa da baki: ɗalibai su yi wa juna, ɗaya likita ɗaya mara lafiya, sannan su yi da mutanen da aka horar su kwaikwayi marasa lafiya, dabarar da Howard Barrows ya fara a Kalifoniya a 1963. A ɗauki hirar a bidiyo, ɗalibi ya zauna ya kalli kansa. Ba abin da malami zai faɗa da zai kai ɗalibi ya ga da idonsa cewa cikin minti biyar shi ya yi magana minti huɗu, ya katse mutum sau uku, kuma bai taɓa ambaton magani ba. Wanda ya taka rawar mashayi ma yana koyon abin da ba ya cikin littafi, wato yadda wa'azi ke sauka a kunnen wanda ake yi wa.

Bayan haka sai jarabawa, domin ɗalibi abin da za a tambaye shi yake karantawa, kuma ba laifinsa ba ne. Tun 1975 da Ronald Harden ya fito da jarabawar tasha-tasha a Dandi ta Sikotlan, inda ɗalibi ke zagayawa yana yin aiki a gaban mai duba shi, aka samu hanyar auna irin wannan ƙwarewa. In akwai tashar barin taba, ɗalibai za su koya. Amma a lura da takardar makin. In maki na kan "ya faɗi illolin taba guda biyar", to an koya masa wa'azi ne. Makin ya kamata ya kasance a kan ko ya tambayi lokacin karan farko, ko ya yi tayin magani da sunansa da adadinsa, ko ya sa ranar dawowa, ko ya bar mutum ya yi magana.

Kuma bai kamata darasin ya zauna a mako guda na fannin lafiyar al'umma ba, inda ɗalibai ke ɗaukarsa abin share fage. Wurinsa kowane sashe. A tiyata, dainawa mako huɗu kafin aiki tana rage matsalar huhu da ruɓewar rauni. A sashen masu ciki, maganar nauyin jariri ce da haihuwa kafin lokaci. A sashen yara, iyayen yaro mai asma ake tambaya. A asibitin tarin fuka, taba tana ƙara haɗarin kamuwa da na mutuwa. Yarjejeniyar yaƙi da taba ta duniya, da ta fara aiki a watan Fabrairun 2005, ta ɗora wa ƙasashen da suka sa hannu nauyin samar da wannan jinya a sashe na 14, kuma jagorar aiwatar da sashen ta nemi a sa batun a manhajar horar da ma'aikatan lafiya.

Abin da ke rusa duk wannan shi ne abin da ɗalibi ke gani a zagayen safe. In babban likitan da yake bi bai taɓa tambayar kowa taba ba, ko yana tambaya ne don ya ce "kai ka jawo wa kanka", ɗalibi zai gane cewa abin da aka koya masa na jarabawa ne kawai. Shi ya sa makarantar da ke son sakamako sai ta fara da horar da malamanta. Akwai kuma ɗaliban da su kansu suna sha, kuma an sha nunawa cewa likita mai shan taba bai cika tayar da maganar ba. Irin wannan ɗalibi tayin magani yake buƙata, a asirce, kamar kowane mara lafiya.

Tambayar da ɗalibin yau ba zai kauce mata ba ita ce ta sigarin lantarki, kuma a nan manya ma ba su daidaita ba. Wani gwaji da Peter Hajek ya jagoranta a Ingila, aka buga a 2019, ya samu kashi 18 cikin 100 sun daina sigari har shekara da taimakonsa, a kan kusan kashi 10 na masu nikotin na magani, sai dai yawancin waɗanda suka daina ta wannan hanya sun ci gaba da zuƙarsa. Ingila tana amfani da shi a matsayin hanyar dainawa, Indiya ta haramta shi a 2019, Ostareliya ta taƙaita sayar da shi ga kantunan magani, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ba ta sa shi cikin abin da ta ba da shawara ba, tana nuna damuwa kan yadda yake kama matasa. Ɗalibi na buƙatar ya san dokar ƙasar da yake aiki, ya kuma iya faɗin abu uku ba tare da ya karkata ba: wanda ba ya shan taba kada ya fara shi, wanda ya bar sigari ya koma shan na lantarkin gaba ɗaya ya rage gubar da yake shaƙa ko da yake ba a san ƙarshen tasirinsa na shekaru masu yawa ba, wanda kuma ke haɗa shi da sigari bai tsira daga haɗarin sigarin ba.